Kiyashi a Makewayi

Kiyashi sun sake yin layi a makewayi, daidai inda aka yi fitsari. Ta san alamar: sukari ya hau. Ta kasa zaune ta kasa tsaye har mijinta ya shigo da fartanya.

"Malam, ga kiyashi a makewayi. Me ka sha a ɓoye?"

Tun da likita ya hana shi zaƙi, ita ke auna masa tuwo, ta cika masa kwano da zogale. Fura da raken da maƙwabta ke aiko masa kuwa, ita ke shanyewa don kada a yi asara.

"Ni? Tun asuba ina gona. Yau wa ya shiga ban da ke?"

Ta dubi moɗar hannunta. Tun safe take shan ruwa, ƙishirwar ta ƙi tafiya.