Kurfotin da Sikeli Ya Gane

Tun da aka hana cinikin tsohon ƙarfe da kuɗi a hannu, sai an ɗora kayanka a sikelin hukuma ya faɗi asalinsa kowa na ji. Sata ta ragu, ban musa ba.

Ranar Talata na kai tsohon kurfotinmu wajen Gambo mai gwangwan, don gindinsa ya ɓule, ba ya riƙe gawayi.

"Ɗora mana, Malam Tanimu," in ji Gambo.

Na ɗora. Sikelin ya yi magana da muryarsa marar kunya: "Kilo uku. Allon kabari ne, an sace shi a makabartar gabas shekara ashirin da biyu da suka wuce."



Na tuna ranar da na saye shi. Arharsa ta yi yawa, zuciyata ta raya min wani abu, amma ban tambayi maƙerin da ya sayar min inda ya samo ƙarfen ba. A shekarar ce aka kwashe allunan makabartar, har da na Innarmu. Yau ko yanka ni za a yi, ba zan iya nuna kabarinta ba.

"Sunan wa ke jiki?" na tambaya.

"Wuta ta cinye sunan," in ji sikelin.

Wutarmu ce. Kullum safiya a kansa muke dafa shayi.

Gambo ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, Malam. Doka ta ce a riƙe shi."

Na ɗauke shi daga sikelin, na miƙa masa da hannu biyu, yadda ake miƙa mamaci a bakin kabari.