Jar Hula a Tashar Haifa

Hadas ta tarar da saurayinta Yiftah a bencin tashar birnin Haifa, inda ta saba jiransa kowace Juma'a lokacin yana soja.

"Baba ya ga hirarka a talabijin," ta ce. "Wai ka tona asirin 'yan'uwanka sojoji, kada ka ƙara taka gidanmu."

"Shi da ke zuba min miya da hannunsa?" Ya yi murmushin takaici. "Gidajen mutanen garin Hebron muka riƙa fasawa, Hadas. Ƙarya na yi?"

Ta ciro jar hular sojan da ya ba ta tuntuni, ta shafa ta, ta ɗora masa a cinya.

Ya dubi hular. "Mun rabu ke nan?"

"Sojan da ke sa hular nan Baba yake so. Ni dai matsa min in zauna."