Yashin da muka ɗebo wa Kyalla

Daminar da ta biyo bayan babban fari, akuya ɗaya ta rage mana a Bazaga. Kyalla muke ce mata, kuma nononta ƙanena yake sha. Ruwa ya yi ta zuba har turkenta ya koma taɓo da fitsari. Gwiwoyinta suka kumbura kamar goruba, ta kasa tashi.

Wata rana bayan azahar Baba ya sa ƙarfe a wuta, zai ƙona kumburin kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Inna ta durƙusa, ta tura hannu ƙarƙashin cikin akuyar, ta fiddo shi baƙi ƙirin, yana ɗiga. Har yau zarnin nan yana hancina.

"Malam, kai ma in ka kwana bisa wannan sai ka kumbura," in ji ta. "Aje ƙarhen ga."

"In ta mutu, ke kika sani," in ji Baba.

Inna ta miƙo mini ƙwarya, ta ɗauki masaki, muka nufi tudun yashi bayan gari. Muka yi ta jigila muna zubawa ƙarƙashin rumfa. Wuyana ya ƙage, na fashe da kuka.

"Yi kukanki kina tahiya," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da la'asar Baba ya tsoma ƙarfen cikin ruwa. Ya sungumi Kyalla, ya kwantar da ita bisa busasshen yashin.

Yau gwiwoyina ne suke kumbura. Duk da haka, da an yi ruwa sai na durƙusa na tura hannu ƙarƙashin awakina.