Tsingaro a Bakin Mashigi

Ranar Talata, 11 ga Agusta, 1981, gari ya waye da yayyafin da bai ɗauke ba tun asuba. Lantana, ungozomar ƙaramin asibitin Rafin Tsamiya, ta yi sallama gidan Malama Uwani, wadda ta koyar da ita a firamare, gyalenta a jiƙe. A jakarta akwai wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar mazaɓarsu, a kan rufin ɗakin haihuwa da ke yoyo har sai an tara bokiti kusa da kan mai naƙuda. Mako uku ke nan da rubuta ta, ba ta aika ba. Wani lauya ɗan garinsu ne ya sanyaya mata gwiwa. Ya ce maganar kula da lafiyar jama'a tana babi na biyu na tsarin mulki, cikin manufofin da aka ce gwamnati ta bi, kuma ba a kai ƙara kotu a kansu. Babi na huɗu, na haƙƙoƙin ɗan ƙasa, shi ne alƙali ke iya tilastawa.

"Alkawarin da alƙali ba zai tilasta ba, Malama, ai daɗin baki ne kawai," in ji Lantana.

"Tun kina aji uku kike saurin rufe littafi. Zauna ki sha kunu, in ba ki misali."

Malama ta ce an yi wata mai ginin tukwane a wani gari na bakin kogi, kasuwa kuwa tana ƙetare. Waɗanda suka kafa garin sun bar magana biyu. Ta farko ta ce masu riƙe da gari za su yi ƙoƙari su daɓe mashigi da dutse, don mai kaya ya isa jirgi lafiya. Ta biyu ta ce ba wanda za a hana shiga jirgi, ba kuma wanda za a hana faɗin damuwarsa a dandali ranar zaman dattawa. Shekaru suka shuɗe, mashigi yana nan da taɓonsa mai santsi. In matar nan ta ɗauko tukwane goma da damina, da ƙyar shida ke isa jirgi, kuma da tukwanen nan take ciyar da gidanta. Ta kai kuka wurin alƙali. Ya ce in mai fito ne ya hana ta jirgi, yau ɗin nan zai aika a kira shi, amma gyaran mashigi a wuyan masu gari aka rataya shi, ba a ba shi ikon tilasta musu yin sa ba. Ta yi godiya ta tashi. Daga ranar ta daina zubar da tsingaron tukwanenta. Ranar zaman dattawa ta zo da kwando cike, ta juye a gefen dandali, ta durƙusa ta gaishe su, ta maimaita musu maganar farko yadda magabata suka bar ta, ta koma gida. Mako ya zagayo, ta sake.

A zuwa na huɗu wani cikin masu gari ya hasala, ya sa aka kore ta. Ta koma wurin alƙali. Wannan karon bai ko bari ta gama ba ya nemi takalminsa, domin wannan shari'a tasa ce. Ya yanke cewa ba mai hana ta bakinta a dandali. Da labari ya bazu, mai nono ta kawo fasasshiyar ƙwaryarta, mai mai ta kawo wuyan tulunta, wata tsohuwa da ta zame ta goce a ƙugu ta aiko da kaskon turarenta. Tsibi ya yi ta girma, har sai dattawa sun kewaye shi kafin su isa tabarmarsu, duk baƙon da ya sauka kuma sai ya tambaya mene ne wannan, a rasa mai ba shi amsa. Ba a yi gyaran a shekarar ba, ba a yi a wadda ta biyo ba. Kafin damina ta uku aka buga gayya, jakuna suka yi ta jigilar dutse. Da magini ya duba taɓon, ya ce sai an fara zuba abin da zai riƙe ƙasa kafin a jera dutse. Aka waiwaya, ga tsibin tsingaro.

Malama ta ɗauke kwanon kunu. "Maganar farko ce ta ba ta abin faɗa, ta biyu ta hana a rufe mata baki. Lauyanki bai yi ƙarya ba, 'yata, rabi ya gaya miki. Mata nawa kika karɓi haihuwarsu ƙarƙashin bokitin nan?"

Lantana ta yi kwana shida tana bin gidaje in ta tashi daga aiki. Mata arba'in da uku suka dangwala yatsa a ƙasan wasiƙar, mazan wasu suka ce a sa da su. Ta ƙara layi ɗaya da ya ambaci babi na biyu, ta kwafe wasiƙar a littafinta don in an yi shiru ta sake aikawa. Ranar Litinin ta hau motar kasuwa zuwa gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa ambulan a akwati, ta tsaya har ta ji faɗuwarsa. Da ma Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.