Taga ta Biyu

Malamar lissafin ta miƙa wa magini awon ɗakin marigayiya innarta a Maska. Za a shafe shi da siminti, ƙanin malamar ya sa amarya a ciki. Ta ninka tsawo da faɗin kowane bango, ta cire ƙofa da taga.

Magini ya duba. "Malama, taga ɗaya ce, amma kin cire biyu."

"Ban yi kuskure ba, Malam. Zo ka gani."

Ta janye gadon. A jikin jar ƙasar, ga gurbin tafin hannu biyu, sun yi sumul. Nan Inna ta riƙa yin taimama tun da ciwo ya raba ta da ruwa.

"Shafe ko'ina, ban da nan. Ta wannan tagar nake hango ta."