Durƙuson Mai Ƙarfe a Cinya

Ke Asabe, tunda jibi za a sallamo ki daga asibiti, saurari wannan, don ni uwarki hankalina bai kwanta ba.

An yi wata mata da aka sa wa ƙarfe a ƙugu, ta yi shekaru tana takawa lafiya. Daga baya ƙarfen ya saki, yana motsi cikin ƙashin cinya kamar fartanyar da ƙotarta ta yi sako-sako. Aka sake buɗe ta, irin yadda aka yi miki. Da yake ƙashin ya riga ya cinye, sai likita ya sa mata irin mai gaɓa-gaɓan nan: dogon ɓangaren ya shige can ƙasa inda ƙashi ke da sauran ƙwari, aka ɗora wani guntu a kansa daidai tsawon ƙafarta, sannan ɗan ƙwallon da ke juyawa. Ya ja mata kunne: ban da tabarma, ban da tsuguno, sai ƙashi ya kama ƙarfe. Ya ce abin da ya rage na ƙashin ba zai jure aiki na uku ba.

Tana komawa gida 'yan dubiya suka cika tsakar gida. Tana kan kujera sai ga sallamar surukinta, dattijon da ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba, balle a zaune. Mata duk suka zube ƙasa, ita kaɗai ta rage a sama. Ta kama hannun kujera ta saki, ta sake kamawa. Can wata gwaggon mijinta ta ce ƙasa-ƙasa, “Oho, ashe likitan har da kunya ya yanke.” Shi ke nan, baiwar Allah ta zame ta kai gwiwa ƙasa. Ko “ina wuni” ba ta ƙarasa ba aka ji ƙas! A kwance aka fita da ita, tsohon yana salati yana cewa shi da ya zo duba ta wa ya ce ta sauko. Gwaggon kuwa ita ta fara cewa, “Ita ma dai da ta yi zamanta.”

Don girman Allah, Asabe, ko wa ya shigo ki gaishe shi daga inda kike, a ce ba ki da kunya na ji na yarda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.