Tabon Hannun Kafinta

"Nuna min hoton babanku," in ji Inna, sati biyu da rasuwarsa.

Auta ta buɗe kwamfuta. Sau ɗaya tak kafintan ya taɓa yarda aka ɗauke shi hoto, shi ma sai da ta yi ta magiya cewa shafin intanet zai kawo wa shagonsu masu saye. A bidiyo ta koya wa kanta aikin haɗa shafin, tsakanin shafa wa kujeru fenti da sharar garin katako. Ranar da ta gano yadda ake goge abu a hoto, ba ta raga wa komai ba. Ta goge tsagewar bango da tsohon bencinsa, ta share ƙurar gemunsa, ta shafe tabon zarton da ya ratsa bayan hannunsa.

Da ta nuna masa, Baba ya yi dariya har da tari. "Wannan angon fa, ɗan gidan waye?"

Daɗi ya kwashe ta, ta ajiye sabon a kan na asali, ta goge na cikin waya don samun wuri. Darasin ware kwafi shi ne na gaba, ta tsallake shi.

Yanzu Inna ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗora yatsa a kan hannun nan sumul.

"Da ɗankwalina na ɗaure masa ciwon nan, ina da cikinki," ta ce a hankali. "Mayar min da shi, Auta."